Maganin Santsin Matakin Mota da na Tarakta

Daga Malamin Gona, Dingaya

 Na san waɗansu za su yi mamaki su ga wannan fili namu, inda aka saba maganar taki da iri da ƙwarin wake, yau ya koma maganar ɗan ƙarfen da ake takawa a hau mota. To, ku yi haƙuri ku karanta. Ni ma da ban ɗauke shi a bakin kome ba, sai da na ga ya cinye wa wani bawan Allah rabin amfanin gonarsa.

A kakar 2024, wajen ƙarshen watan Satumba, akwai wani dattijo a wani ƙauye kusa da Dingaya wanda nake zagaya gonarsa tun daga shuka. Riɗinsa ya yi kyau ƙwarai, har nakan kai waɗansu manoma su gani. Da ganyen ya fara zuba, kwanson ƙasa ya yi rawaya, na ce masa lokacin yanka ya yi. Kashegari da asuba ya ɗauki buhun gero biyu, ya bi wata kanta zuwa kasuwar Sara don ya sayar ya sami kuɗin biyan masu yanka. An yi raɓa a daren, ga taɓo a takalmin kowa. Da suka isa ya buɗe ƙofa zai sauka, ya ba mota baya, ya aza diddige a kan mataki, sai diddigen ya tafi. Tsayin wurin bai fi gwiwar mutum ba, amma ƙashin ƙaurinsa ya karye. Aka kai shi asibiti a Birnin Kudu aka ɗaure ƙafar, ya yi kusan wata biyu bai taka ta sosai ba.

Kuɗin masu yanka ya tafi wajen jinya. Babban ɗansa yana Kano, sauran ƙanana ne. Kowa kuwa ya san halin riɗi: in ya wuce lokacinsa a tsaye, kwanso ya bushe ya tsage, sai ya zube. Kafin 'yan'uwa su gama nasu su taru su yi masa gayya, ƙasar gonar ta yi fari fat, kurciyoyi da tururuwa suna biki.

Da na je gaishe shi na ce, "Baba, yaya aka yi haka?"

Ya ce, "Malam, shekara arba'in ina hawan mota ban taɓa faɗuwa ba. Abin da Allah ya rubuto ne."

Na ce, "Haka ne, Baba. Allah ya sa kaffara ce." Amma ban huta ba sai da na nemi motar nan na duba matakinta. Na shafa shi da hannu, sumul kamar bayan cokali. Zanen da masu ƙera ta suka yi masa ya cinye tun tuni, sa'an nan mai motar ya bi shi da fenti mai ƙyalli don ta yi kyan gani.

Abin da ke riƙe ƙafa a kan ƙarfe shi ne kaushi. Ƙasan takalmi yana da nasa, ƙarfe yana da nasa, in sun haɗu sai su cije juna. Masu ƙera motoci sun san da wannan tun da daɗewa. Motocin farko dogaye ne, saboda haka aka yi musu dogon mataki tun daga tayar gaba har ta baya, kamar Ford Model T da aka yi daga 1908 zuwa 1927. Dattawa za su tuna da Volkswagen mai kama da kunkuru, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975: matakinta lulluɓe yake da baƙar roba mai layi-layi. Ƙananan motoci sun bar mataki da suka yi ƙasa-ƙasa, amma ga shi nan har yau a jikin kanta, da roka, da tirela, da tifa, da tarakta, da Hilux ɗin da malaman ofis ke hawa. Duk da kaushinsu suke fitowa daga masana'anta. Shekaru da tafin ƙafa su ke cinye shi.

In kaushi ya tafi, kome ƙanƙantar abin da ya shiga tsakanin takalmi da ƙarfe sai ya kawar da ƙafa. A wajenmu abubuwan nan ba su da iyaka. Da damina akwai lakar fadama, wadda in ta jiƙe ba ta da maraba da sabulu. Da kaka akwai raɓar asuba. Akwai man gas da baƙin mai, gama a manyan motoci da yawa tanki yana dab da mataki, in an zuba mai da jarka sai ya ɗiga a kai. Akwai takin zamani, musamman yuriya, wanda ke jawo laima daga iska ya narke, ya yi santsi, kuma ya ci ƙarfe da tsatsa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne hatsin kansa. Ƙwayar gero ko ta riɗi in ta zube a kan ƙarfe mai sulɓi, mirginawa take yi ƙarƙashin takalmi, ko da wurin a bushe yake ƙayau. Ranar lodin buhuna zuwa Dawanau ko Maigatari, ku duba matakin kowace mota ku gani in ba a rasa su.

Wanda ke shakka ya gwada da kansa. Ka sami guntun faranti na ƙarfe mai sulɓi, ka aza silifas a kai, ka sa dutse a cikinsa don nauyi, sa'an nan ka riƙa ɗaga gefe guda a hankali har takalmin ya zame. Ka lura da inda ya kai. Sai ka shafa laka ko ɗigon man gas ka sāke. Za ka ga tun ba ka ɗaga kome ba ya tafi. Na yi wa manoma wannan a gindin wata tsamiya, waɗanda suka zo suna dariya suka koma suna duban ƙasan takalmansu.

Bayan abin da ya sami dattijon nan, na gwada hanyoyi dabam-dabam a kan taraktar da muke haya, da amalanken wani maƙwabcina, da kantar wani direba da ya yarda. Damina guda ta wuce a kansu, ga abin da na gani.

Wanda ya fi kowanne ƙarko aikin mai walda ne. A sami rodin gini mai gurzu-gurzu a jiki, na milimita 8 ko 10, a yanka shi daidai tsawon mataki, a jera a lanƙaya masa walda, tsakanin kowane biyu kamar faɗin yatsa biyu. Kada a sa rodi mai sulɓi, gama shi ma santsi gare shi. Jerin kuwa ya bi tsawon mota, watau ya gitta wa ƙafar mai hawa, domin ƙafa waje take zamewa. In an jera shi daga ciki zuwa waje, an yi wa ƙafa hanyar tafiya ke nan. Na bakin mataki shi ya fi muhimmanci, don nan ne diddige ke sauka. Sa'an nan a huda ramuka uku ko huɗu a tsakanin rodin don ruwa da laka su sami mafita. In matakin ya ruɓe gaba ɗaya, gara a yar da shi a yi sabo da ragar ƙarfe mai kauri, irin wadda ake sa wa tagogin shaguna, a cikin firam na ƙarfe mai kusurwa. Wannan ita ce sarauniya a wajen tarakta, gama laka ba ta zama a kanta, faɗawa take ƙasa.

Amma a nan akwai gargaɗi, kuma ina roƙon direbobi su ji. Kada a yi walda a jikin mota kusa da tankin mai. In matakin da noti aka ɗaura shi, a kwance shi a kai wa mai walda a hannu. In ba ya kwantuwa, a cire kan batir tukuna, don wutar walda takan lalata kayan wutar mota, motocin yanzu kuwa da kwamfuta a cikinsu. Kada kuma a yarda kowa ya yi walda ko ya huda babban ƙarfen da ke ɗauke da mota, watau shasi, don daga nan tsagewa ke farawa. Bayan an gama, a sa mai walda ya goge duk bakin da ke da tsini. Na ga wani ya yanka wa matakinsa haƙora kamar zarto, yana alfahari ba mai zamewa. Gaskiya ne ba mai zamewa, amma ya manta rabin 'yan dakonmu da silifas suke aiki, waɗansu ma ba takalmi, kuma ƙauri yakan bugi mataki in mutum ya yi kuskure. Cikin mako guda yaron motarsa ya sha ɗinki.

Wanda ba shi kusa da mai walda, ko ba shi da kuɗinsa, ya yi fenti da yashi. Wannan kowa zai iya a gida, amma yana son haƙuri, gaggawa ce ke ɓata shi. Da farko a wanke matakin da omo da ruwan zafi har mai ya fita sarai, gama fenti ba ya kama wurin da ke da maiƙo. A kankare tsatsa da tsohon fenti da buroshin waya ko samfefa. A shafa jan fentin nan na hana tsatsa da ake shafa wa ƙyamaren ƙarfe, a bari ya bushe. Yashin kuma a ɗebo na rafi mai tsabta, ba turɓaya ba. A wanke shi har ruwan ya fita garau, a shanya ya bushe ƙarau, a tankaɗe da rariya a zubar da ƙurar, a tsince tsakuwa. Wanda ake so shi ne mai tsaba kamar ta sukari. Sai a shafa fentin mai da ɗan kauri, tun yana ɗanye a barbaɗa yashin har ya rufe shi, kada a danna da hannu. A bar shi kwana guda, a kakkaɓe wanda bai kama ba, sa'an nan a bi da fenti sirara sau ɗaya don ya riƙe yashin. In an lafta na biyun da yawa, sai ya binne kaushin, a koma gidan jiya.

Waɗansu sukan zuba yashin cikin gwangwanin fenti su dama. Na gwada, bai yi mini ba: yashin yana kwantawa a ƙasan gwangwani, wani wuri ya yi tuli, wani wuri ba kome. Barbaɗawa ta fi. Kada a yi aikin nan ranar da hazo ya yi ƙarfi ko hadari ya haɗu, kuma a bar shi kwana biyu kafin a taka. A kantar direban nan ya kai ƙarshen damina, sai bakin mataki kaɗai ya goge. Ke nan aiki ne na kowace shekara, kamar yaɓen rumbu. In za a zaɓi launi, a sa rawaya ko fari a bakin, don mai sauka da asuba ko da dare ya ga inda zai aza ƙafa.

Sai tsohuwar taya. Wannan ita ce ta fi dacewa da katako, watau bayan amalanke, da tsanin bodin roka, da wurin da yara ke takawa su hau. A je wurin masu yanka taya a kasuwa, waɗanda ke yin guga da takalmi, a ce su yanko bayan taya mai sauran zane. A nemi mai zare a ciki. Tayoyin ƙananan motoci na yanzu waya ce a cikinsu, in roba ta cinye sai wayar ta fito ta soki ƙafa. Tayar babur ma tana yi, ga ta da sauƙin yanka. A kan katako a kafa ta da ƙusoshi, kawunansu su nutse cikin kwarin zanen. A kan ƙarfe a huda a ɗaure da noti da washa, kada a dogara da gam, zafin rana zai ɓamɓare shi. Aibinta biyu ne. Ruwa yakan kwanta a ƙarƙashinta ya ruɓar da katako ko ya ci ƙarfe ba a sani ba, saboda haka a yi fenti tukuna kafin a aza ta, kuma a riƙa ɗagawa ana dubawa. Na biyu, roba ba ta shiri da mai. Inda man gas ke ɗiga, taya ta fi ƙarfe santsi. Don haka ban yarda a sa ta a matakin da ke kusa da tanki ba.

A shagunan kayan mota a Kano ana sayar da wani tef mai kaushi kamar samfefa, a ɓare bayansa a manna. A Hilux ɗin ofis da ke bin kwalta yana da kyau, musamman a kan bututun nan masu ƙyalli da ake ƙara wa mota don ado, waɗanda in sun jiƙe ba abin da ya kai su santsi. In za a manna shi a goge wurin tas, a yanke kusurwoyinsa su yi da'ira don kada su tashi. A tarakta kuwa asarar kuɗi ce, namu bai ga ƙarshen watan Agusta ba.

Buhu da tsumma da igiya da ake naɗawa, waɗannan a bar su. Ranar farko suna riƙe ƙafa, bayan mako guda sun sha laka da mai, sun saki, sun zama tarko.

Har wa yau, kaushi kaɗai ba ya isa in matakin kansa ba daidai yake ba. Ku tsaya a gefe ku dube shi. Da yawa sun lanƙwashe sun sunkuya waje saboda nauyin shekaru ko karo da kututture, irin wannan ko an yi masa kaushi sai ya tunkuɗe ƙafa. A miƙe shi, a ɗaure notinsa. Matakin farko kada ya wuce santimita 55 daga ƙasa, watau wajen gwiwar babban mutum. In ya fi haka, mutane dirowa za su yi, tsofaffi da mata masu goyo kuwa su ne za su sha wuya. Taraktoci da yawa da ke yawo a ƙasar Gwaram matakin ƙasa ya karye tun tuni, direba sai ya taka taya ko ƙarfen da ke jan garma. A mayar musu da shi. Kuma kowane mataki yana son mariƙi a samansa, wanda hannu zai kai tun mutum yana ƙasa. Guntun bututu da noti huɗu sun isa. Ƙofa ba mariƙi ba ce, lilo take yi da mutum.

Abin da aka koya mana a makarantar aikin gona game da hawan tarakta shi ne, a cikin hannu biyu da ƙafa biyu, uku su kasance a riƙe ko a take kullum, ɗaya kaɗai ke motsi. Kuma yadda ka hau haka za ka sauka, fuskarka na duban mota, kamar mai sauka daga tsanin rumbu. A lokacin mun ɗauka surutun malamai ne. Amma ku tuna dattijon nan baya ya ba mota. Mai sauka da baya ga mota diddige yake azawa a bakin ƙarfe, hannunsa kuwa ba ya riƙe da kome. In akwai kaya a hannu, a miƙa wa na ƙasa tukuna. Babbar riga a tattare ta. Direban tarakta kuma ya kashe ƙarfen da ke juya injin baya, ya ja birki, ya sauke garma ƙasa kafin ya sauka, gama wanda ya zame a gefen tarakta mai motsi ba karaya kaɗai ke jiransa ba.

Wani direba ya ce mini, "Malam, in na gyara mataki ai yara za su ƙara samun wurin maƙalewa." Na ce masa wannan magana dabam ce. Mataki na hawa da sauka ne, mota tana tsaye. Maƙalewa a jikin mota tana tafiya laifi ne, Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988 tana kama mutane a kansa, kuma ba kaushin da zai riƙe yaro in mota ta faɗa rami a hanyar Gwaram zuwa Basirka. Barin mataki da santsi ba ya hana yara maƙalewa, sai dai ya ka da dattawa.

'Yan kasuwa masu ɗaukar shatar mota, ku ma kuna da ta cewa. Ku ne ke biya. Kafin a fara lodi ku shafa matakin da hannu, in sumul yake ku gaya wa mai mota, in ya ji daga mutum uku zai gyara. Ku sa a ajiye guntun tsintsiya a bayan kujera, a share hatsi da laka bayan kowane lodi. In ɗan dako ya faɗi da buhu mai kilo 100 a kansa, lodin ya tsaya, kuma kun san a wuyan wa jinyar za ta faɗa. Shugabannin tasha da sarakunan noma su ma za su iya sa baki, tun da kowace mota ta gabansu take wucewa ranar kasuwa.

Lokacin yin aikin nan shi ne da rani, kafin ruwa ya sauka, sa'ad da tarakta ke zaune, fenti kuma ke bushewa da sauri. Wanda bai samu ba ya yi a ɗan tsakanin da ke akwai kafin a fara kwasar amfani. Dattijon nan ya warke, sai ɗan ɗingishi in an yi sanyi, bana ma ya sāke shuka riɗi. Mai kantar kuwa ya sa an yi masa rodi a matakai biyun, ya ce kuɗin bai kai na man zuwa Kano ba. Duk wanda ke son ganin na fenti da yashi ya same ni ranar kasuwa, ina tafe da guntun ƙarfen da na yi gwaji a kai, rabi sumul rabi da yashi, ya taka da ƙafarsa ya ji. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar jingar riɗi da shimfiɗar da ta kamata a yi masa kafin kakkaɓa.